Bakwai Sau Hamsin

Shekara talatin da ɗaya ina leƙen kafar allura,
idona bai taɓa wuce kamu guda ba.
Ran Alhamis na rufe keke tun kafin la'asar,
na gangara Kasuwar Dole
da jika ashirin a aljihun gaba.

Mato mai kayan gwanjo ya baje su a tebur
tsakanin tsoffin rediyo da cajar waya,
madubin hangen nesa guda huɗu,
kowane da ido biyu kamar mujiya.
Ya miƙo mini babban, mai jan gilashi.
Ya ce, "Wannan ashirin ne, Malam Barmu,
da shi har tururuwar wata sai ka ƙirga."

Na ɗaga shi, na auna hasumiyar masallaci.
Hasumiya ta kama rawa.
Numfashina ma ya shiga ciki,
bugun zuciyata yana girgiza gari.
Na ce, Mato, hannun nan ya tsufa a kan almakashi,
ba ya riƙe abin da ya fi ƙarfinsa.

Na biyu ya nuna mini tankin ruwa biyu,
alhali ɗayan ma da ƙyar yake cika.
Na uku, hazo ya kwanta a cikinsa
kamar yanar idon gyatumata.

Na huɗun baƙi ne, fatarsa ta ɗaye a gefe,
an rubuta bakwai, an rubuta hamsin.
Fassuma, jikata mai zuwa lise, ta riga ta gaya mini:
na farko jawowa, na biyu faɗin ƙofar haske,
kuma da dare ƙofa ta fi igiya amfani.
Na miƙe hannu da shi, na leƙa daga nesa,
ɗigon hasken zagaye, babu gutsure.
Muka ja, muka saki. Sha bakwai.
Mato ya rantse ya faɗi, ya ƙara mini da tsumma.

Bayan lisha aka ɗauke wuta,
karo na farko da ban yi tsaki ba.
Muka hau dutsen bayan Birni, ni da yarinyar,
dutsen bai gama huce zafin rana ba.
Na kafa gwiwar hannu a kan gwiwa,
na murɗa ɗan kunnen tsakiya
a hankali, yadda nake sassauta zare.

Wata ya zo.
Ashe tandar masa ce, rami kusa da rami,
gefenta ɗaya a ƙone.

Sai na nemi Kaza da 'ya'yanta.
Shida na sani tun ina yaro,
shida mahaifina ya nuna mini da sanda.
Na ƙirga ashirin, na ɓace, na sake,
kamar ranar da gwangwanin maɓallai ya kife mini.
Duk shekarun nan tana ƙyanƙyasa
ba wanda ya zo ya yi mata barka.

Fassuma ta ce, "Kaka, wuyanka."
Na ce, bari.
Akwai wani zanen alli da ya ratsa baƙin yadin nan
daga wannan gefe har wancan,
an auna, an shata, ba a yanka ba.

Da safe na zauna gaban keke.
Sau uku ina kai zare,
sau uku yana wuce kafar.