Marayan Cikin Littafi

A laburaren makarantarmu ta Jega
na buɗe littafi na tarar da maraya.
A shafi na uku yana kuka,
na tara an hana shi tuwo,
na ƙarshe, ashe ɗan attajiri ne da ya ɓata.

Na rufe na dubi faratana.
Ni ma an ce maraya ne,
amma ba wani gado da ke jirana.
Babana direban tirela, hanyar Koko ta cinye shi.
Baffa Zayyanu ya ɗauke ni riƙo,
mai faɗa kamar ya ari baki,
mai raba mana ƙosai shida, mu shida,
ya ce shi ya ƙoshi.

Wa zai rubuta ranar da muka saci albasa a fadama,
ya zane ni tare da 'ya'yansa,
bulala uku-uku, ba ragi?
Daren nan na yi barci mai daɗi.

Kukan yana zuwa, ban musa ba,
sai dai ba ya bin shafi.
Shekaranjiya warin gas a tasha ya kawo shi.

Malam marubuci, in za ka sake ƙago ni,
bar ni in yi dariya tun babin farko.