Mabuɗi na Goma Sha Huɗu

Ni ce ma'ajin ƙungiya, Zulma Techera.
Littafin kuɗi na cikin jakata, bangonsa duk siminti.
Kowace Talata nakan hau bas zuwa ofishin gari,
in zauna a benci, lamba a tafin hannu.
"Tallafinku ya fito," in ji yarinyar bayan gilashi,
"saura sa hannu ɗaya."
Wannan hannu ɗaya, hunturu biyu ya ci mana.

A gefen Montevideo, bayan tsohuwar masaƙa,
aka ba mu fili, rabi ƙaya rabi fasassun kwalabe.
Iyali talatin da biyu.
Ba mu da magini sai ɗaya, shi ma gwiwarsa ta gaji.
Kowane gida na bin kansa bashin awa ashirin a mako:
mai ɗinki ta koyi ɗaurin rodi,
direban tasi ya koyi karanta igiyar awo,
ni na koyi cewa yashi ma yana da farashin safe da na yamma.

Da kuɗin suka iso, sun iso da lissafin bara.
Siminti bai jira mu ba.
Na zauna da biro har fitila ta fara kyafta ido,
na cire nan, na ƙara can,
duk inda na ja bargon, ƙafa na waje.
Tagogi goma sha tara babu kuɗinsu.

Nélida ta soya fanke duk ranar da aka yi ruwa.
Muka sa keken ɗan Aparicio a ƙuri'a, yaron bai yi mana magana ba wata guda.
'Yan dakon tashar jirgin ruwa suka ara mana injin kwaɓa,
suka ce a dawo da shi a wanke.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
amma hannuwa da yawa ma sai da gardama.

Gardamar Yamandú ta fi kowace tsawo.
Shekara shida yana kwana a ƙofar banki,
yakan ce duk garin ba wanda ya fi shi kusa da kuɗi.
Ba shi da na wata-wata.
Aparicio ya bugi tebur: doka doka ce.
Muka kai sha biyun dare, ruwan mate ya huce,
kafin aka yarda gadin dare ya zama kuɗinsa.
Na rasa layin da zan rubuta shi.
Na buɗe sabon shafi, na sa: barci, an biya.

Ba wanda ya san gidansa tun muna gini.
Haka muka tsara, don kada bango ya san gata.
Ranar rabo aka zuba mabuɗai a bokitin fenti.
Aparicio ya zaro gidan da ya yi wa shafe da fushi,
ya tsaya yana shafa kusurwa, bai ce uffan ba.

Yamandú ya zaro goma sha huɗu.

Da asuba na wuce, na same shi a dokin ƙofa,
kwali a ƙasa, iskar kogi na kaɗa masa kwat,
ƙofar a buɗe, ɗakin na warin sabon fenti.
"Shirun ciki ya yi yawa," ya ce,
"kunnena bai saba ba. A ba ni kwana biyu."
Mabuɗin na rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

Ban ce masa komai ba. Na miƙa masa mate.

A bayan littafina akwai wasu sunaye arba'in da ɗaya,
wasu da lambar waya, wasu da sunan titi kawai.
Gobe Talata.
Na ware kuɗin bas.