Nisa Nake Tarawa

Wasu kuɗi suke tarawa, ni nisa nake tarawa.
Banki ya ce duk abin da na saya da katin bashin nan
za a rubuta mini mil,
in sun taru jirgin sama ya ɗauke ni kyauta.
Albashina kuwa ko gadar Kawo ba ya hayewa
kafin numfashinsa ya ƙare.

Sai na fara aron cefanen mutane.

Istifanus mai gidan burodi a Kakuri
jarka goma ta dizal yake ƙonawa duk mako.
Na ce, bari in goga kati, kai ka ba ni tsaba a hannu.
Ya dube ni kamar na zo sayen hayaƙin tandarsa.
Ya ce, to ina ribarka?
Na nuna masa sama.

Wutar layinmu, gida tara, ni nake biya.
Shinkafar sunan jikan Hajiya Barmani, buhu shida,
ta kan katina ta bi ta shiga tukunya.
Kwanon rufin masallaci da muka ɗauko a Panteka,
tayoyin keken Shekarau,
kuɗin makarantar 'ya'yan Gambo su huɗu,
har tabarau na wata tsohuwa da ban san sunanta ba
da na tarar a layi tana ƙirga tsofaffin ɗari biyar-biyar.

Asabe ta ce na zama abin dariya a Kasuwar Barci:
ko tattasai na taya sai na tambayi mai tire
ko tana da na'ura.

Daga ashirin da biyar ga wata barci ke ƙaurace mini.
In bi gida-gida da ɗan littafina,
in tattara, in ruga banki kafin ruwa ya hau.
Liman ya riga ya faɗa mini:
ka bari kobo ɗaya na ruwa ya taɓa ka,
jirginka ya faɗi tun bai tashi ba.
Sau ɗaya Gambo ya ce sai Litinin.
Litinin ta haifi Litinin.
Agogona ne ya cike giɓin,
har yau hannuna da farin zobe a gurbinsa.

Ba don ni ba ne.

Baba Ɗangana shekara talatin da ɗaya
yana ɗaga tuta a tashar jirgin ƙasa.
Ya raka dubban mutane Ikko da ido,
shi kansa bai taɓa wuce Minna ba.
Yanzu yana zaune a ƙofar gida,
in jirgi ya gifta ta wajen Mando
sai ya ɗaga kai ya bi ƙarar,
don yana ta fara rufe masa idon dama.

Ya ce ba teku yake son gani ba.
Kogin nan namu yake so ya gani daga sama,
ya ga inda yake lanƙwasa bayan Kabala,
ya ga layin dogo ya zama zare,
ya san ko mai tuta ana hango shi daga can.
Ya ce, kujerar taga, ka ji ko?
Ta ɓangaren hagu.

Wata goma sha huɗu ke nan.
Jiya da dare na duba waya:
saura mil ɗari uku da sha biyu,
na zuwa kawai. Dawowa sai a mota, ya ce ya yarda.

Saboda haka, kai mai karatu,
in kana da niyyar sayen firji,
ko siminti ko da buhu ashirin ne,
kada ka biya tukuna.
Nemi gida mai shuɗiyar ƙofa a Tudun Wada,
kusa da mai faci.
Idon hagun ne ya rage, kuma ba ya jira.