Riguna Dubu Uku

A shagona na Aboabo, bayan gidan mai,
fuskarsa ce ke shan iska a kan igiya:
Adomako mai wushirya, furfura gefe ɗaya.
Riguna dubu uku. Bashi na ci na sayo tawada,
kwana huɗu ina jan allon bugu
har kafaɗata ta daina jin magana.

Ran Talata, tsakanin la'asar da magariba,
rediyon Barikisu mai waina ya yi gyaran murya:
likita ya ce dattijo ya huta.
Jam'iyya ta shiga ɗaki da namiji,
ta fito da mace, Bowatema.
Wainar da ke tanda ta ƙone,
ba wanda ya tuna ya juya ta.

Gariba mai lasifika ya zo ya zauna kan kwalina.
Wata takwas yana zagaya Kumasi a bayan akori-kura,
Adomako, mai taimako! Adomako, mai taimako!
har yaran Asawase na tsallen igiya da shi.
Yanzu ga suna sabo, ya ƙi hawa kiɗan.
Ya tauna shi, ya juya shi kamar goro mai ƙwari,
ya ce, wannan sunan sai an jiƙa.

Ciyaman Mumuni kuwa bai ɓata dare ba.
Hoton da ya sha hannu da dattijo
ya sauka daga bango, ya bar murabba'i fari.
Shi da ya ce bara matar ba ta san hanyar Zango ba,
yau ya tuna kakarsa da kakarta
rumfa ɗaya suka kasa goro.

Har 'yan hamayya abin ya taɓa.
Sanduna suka saro, mota guda,
don su riƙa dogarawa a taro suna tarin ƙarya,
suna kwaikwayon tafiyar tsoho.
Ga sanduna, babu tsoho.
An ce wani mai shanu ya taya.

Matan Kejetiya da ba sa ɗaga kai daga tire
sun fara tambayar ranar taro.
Dattawan inuwar masallaci sun rabu biyu,
carbi ɗaya na sauri, ɗaya ya tsaya cak.
Shi ya yi mana alkawarin kwata,
ita tana maganar jari da kuɗin makaranta.
Kwatar dai ba ta ji sanarwa ba:
jiya da aka yi ruwa, ta shigo mana har gado.

Na gwada shafa farin fenti kan fuskar,
in ɗora tata a sama.
Da ya bushe, sai ga wushiryar ta ɓullo
ƙarƙashin ɗankwalinta, tana mini dariya.

Sakataren jam'iyya ya ce in yi haƙuri,
wanda ya sa hannu kan odar yanzu ba shi da ofis.
Na sayar da su biyar-biyar, kuɗin koko.
Makanikan Suwame na goge baƙin mai da goshinsa,
'yan dako sun yi gammo da shi,
ɗana Issaka na kwana ciki, ta kai masa gwiwa.
Bai taɓa shiga gidaje haka ba
lokacin da yake nema.

Yau da asuba na ji Gariba daga nesa,
ya samu: Bowatema, abin nema!
Muryar ta ɗan dushe, amma tana tafiya.

An kawo sabuwar oda, rabin kuɗi a hannu.
Na buga launin tuta, na buga alama,
ƙirjin kuwa na bar shi fili, da'ira wofi.
Saura sati bakwai.
Fuska sai na ga ta kwana.