Layi Biyu a Brno

Ƙarfe uku saura na dare a Brno,
taragon ƙarshe ya wuce tuntuni,
ƙanƙara ta kwanta a bakin kogin Svratka.
Ni da Bohdana muna hawa na huɗu,
shayinta ya huce, nawa ban taɓa ba.

Abin da muke kiwo ba shi da jiki.
Na'ura ce a cikin na'ura,
baƙuwa, ƙarfen ƙasa ne mai masaukinta.
Tana zaton ƙwaƙwalwar nan tata ce,
ba ta san aro aka ba ta ba.
Sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda
mai gida kan ce mata, ɗan dakata,
ya kwashe abin da take tunani ya adana,
ya saita mata agogo,
ya mayar da ita inda ta tsaya,
ita kuwa ko a jikinta.

Haka ya kamata.
Amma a wani asibiti a Olomouc
baƙuwa ta farka ran Talata
ta tarar agogonta ya ja da baya.
Ba da yawa ba:
ƙiftawar ido, a raba ta dubu, a ɗauki ɗaya.
Sai ta zauna jiran lokacin da ya riga ya wuce,
takardun magani suka yi cincirindo a bayanta.

Kwana goma sha ɗaya muna farauta.
A gwaji dubu tara, sau ɗaya take faɗuwa.
In muka sa ido, tangarɗar ta ɓuya,
muka ɗauke kai, ta dawo tana dariya.
Na zargi ƙarfe. Na zargi zafi.
Na zargi Vratislav da ya bar aiki bara,
har na ga sunana a kan layin,
shekara huɗu da suka wuce, wata Juma'a da yamma.

Bohdana ba ta ce komai ba.
Ta jawo takardar burodi, ta zana hannu biyu.
Wannan yana rubuta lokaci, in ji ta,
amma ba a bugu ɗaya ba, a biyu.
Wancan yana jiran tuta ya karanta.
Kai kuma ka ɗaga tutar an gama
alhali tawada ba ta sauka ba.
Mai karatu ya shigo ta tsakiya,
ya ɗauki rabin yau, ya haɗa da rabin jiya.

Sauri ya haifi nawa.
Na so in rage wa baƙuwa jira,
na jawo mata jiran da ba shi da iyaka.

Gyaran bai kai tsawon tafin hannu ba.
Layin sama ya koma ƙasa,
muka gitta shinge a tsakani:
kada kowa ya tsallaka sai rubutu ya zauna.
Muka rataya lamba a ƙofa,
in mara ce, ana ciki, koma ka dawo,
in cika ce, bismillah.

Sannan muka saki gwaji.
Dubu tara. Bohdana ta cire tabarau.
Dubu ashirin. Injin ɗumama ɗaki ya yi tari.
Dubu sittin, agogo na tafiya gaba kawai,
yadda kowa a titi yake zaton dole ne.
Ba wanda zai gode mana a Olomouc,
ai ba a yi wa agogo godiya don bai yi ƙarya ba.
Kuma rashin faɗuwa ba rantsuwa ba ce,
wataƙila tana can a gwaji na miliyan,
ta naɗe ƙafa.

Na hau taragon farko, takalmi a jiƙe.
A gindin benenmu na ciro waya
na rubuta wa Jarmila, na iso gida.
Yatsa na kan aikawa, na tsaya.
Saura matakala arba'in da biyu.
Na hau su duka,
na sa makulli, na ji ya juya,
sannan na aika.