Albarka

Shekara talatin da ɗaya nake ɗaga wannan ƙofar ƙarfe
a layin 'yan atamfa, nan Balogun,
tun tana yi mini kuka da asuba har muryarta ta dashe.
A da, kafin in ajiye buta
wata ta riga ta cusa hannu cikin shadda,
tana murza gefen, tana shinshinawa,
tana lasar yatsa ta goga, ta ga ko rini zai zuba.

Yanzu sai in kai azahar
ban ce wa kowa albarka ba.

Ka san albarka kuwa?
Ba a'a ba ce.
Zauna ce, ga benci, ƙara kaɗan,
yaya mai jiki, ɗan naki ya samu aikin?
Iya Morenike takan taya da Yarbanci,
in mayar mata da Hausa,
mu haɗu a tsakiya muna zare wa juna ido.
Ta ja jaka ta fice,
in bar ta ta kai wurin mai gasa masara
sannan in ɗaga murya: dawo, na sallama.
Shekara ashirin muna wannan wasa.
Bara jikarta ta saya mata leshi ta waya.
Ta zo ta nuna mini, idonta a ƙasa,
kamar wadda aka kama da tuwon maƙwabta.

Ikechi na hannun dama ya kwashe kantocinsa,
shagon ya koma wurin cire kuɗi.
Na hagu an liƙa takarda,
ruwan Yuni ya wanke lambar.
Kuɗin haya kuwa bai ji labarin komai ba,
hawa yake kamar kwata bayan hadari.

Ran wata Talata 'yata Lantana ta zo
da fitila mai zobe a kan sanda.
Ta ce, Baba, ɗaga wannan, juya shi,
amma kada ka shiga hoton.
Kada ka shiga hoton.
Yatsuna kawai suka fito, da tabon almakashi.
Kafin la'asar turmi tara sun tafi,
Ikorodu, Festak, Aja,
wurin mutanen da ban san hasken fatarsu ba,
balle in ce, Hajiya, wannan shuɗin ba zai karɓe ki ba.

Yaran babura masu akwati a baya,
su ne ke tsayawa a ƙofata yanzu.
Ba sa cire hular kwano.
Lamba suke karantowa, in miƙa ƙunshi.
Na ba ɗaya goro,
ya dubi waya, ya ce lokaci na cin sa.

Ba zan yi ƙarya ba, an biya haya.
Tukunya na hawa a Agege,
har na sauya kwanon da ke yoyo.
Sai dai littafin bashina na nan a aljihun tebur,
bango ya zube, sunaye sun koɗe:
wadda ta biya bayan sallah uku,
wanda mutuwa ta biya masa na yafe.
Waya ba ta ba da bashi.
Ba ta san mai takaba ba in ta gan ta.

Nakan cusa ɗan ƙyalle cikin kowane ƙunshi, gyara.
Lantana ta ce asara ce. Ban daina ba.

Jiya da magariba, danfo na ta ihu a gindin gada,
wata daga Surulere ta rubuto:
ba ragi?
Lantana ta fara buga mata, farashi ɗaya ne.
Na riƙe hannunta.
Na ce rubuta mata albarka.
Ta ce, Baba, ba za ta gane ba.
Na ce rubuta dai.

Ta tura.
Muka zuba wa gilashin ido, ni da ita,
ƙofa rabi a sauke,
ga wasu ɗigo uku suna ta motsi.
Na jawo benci da ƙafa.