Shaida a Kan Mai Zane

Uwargida Amparo, saƙonki ya iso
ranar Talata, ina tsakar wankin inji.
Kina neman mai zana littafin kifaye na yara,
mai cin gashin kanta, ba 'yar kamfani ba.
To ga suna: Nelida Quilodran.
Tana can saman tudu a Valparaiso,
inda taragon igiya ke tsayawa yana haki,
gida mai shuɗin kwano, hawa na biyu.

Bari in fara da aibinta, kar ki ce na rufa.
Ba ta ɗaga waya sai rana ta take.
Tana makara, kwana uku, wata sa'a biyar.
Hannayen mutanenta sun fi kawunansu girma,
in an yi magana ta ce ai da hannu ake ci.
Kuɗin aikinta kuwa, ba a tayawa.

Amma bara, da sanyi,
wani yaro Fabian ya shigo maɗaba'ata,
kwamfuta a hammata, ido ja don rashin barci.
Wata huɗu yana zaga gari a motar yayansa
da ɗan eriya ɗaure a jikin taga,
yana tsintar abin da ke zuba
daga gidajen da ba su kulle waifai ba.
Taswira yake so, kowane gida da sirrinsa,
a rataye a zauren baje koli.
Ya ce, ban fasa ƙofa ba, ban haura katanga ba,
iska ce, kuma iska ba ta da mai ita.
Abin ya zo ya same ni a kan titi.

Ni dai na gyaɗa kai.
Kuɗin haya na wata biyu na wuyana,
kuma yaron ya ajiye rabi a kan tebur.

Nelida ta zo, ta sa tabarau, ta buɗe shafi.
Ta wuce na farko, ta wuce na biyu,
a na bakwai yatsanta ya tsaya.
Layinsu ne. Lamba goma sha ɗaya.
Tsohuwa Herminia mai sayar da gasasshen kifi,
ƙarfe uku da kwata na dare,
tana tambayar allo kuɗin maganin ƙoda,
sannan wasiƙa ga ɗanta a mahaƙar jan ƙarfe:
lafiyata lau, kada ka zo.

Ta rufe. Ta cire tabarau, ta goge da gefen riga.
Ta ce, Fabian, a tudun nan kowa na shanya a waje,
duk mai wucewa na ganin zanin gadon uwata.
Gani daban, kwashewa daban.
Wanda bai kulle ba, bai ce maka shigo ba.
Wataƙila bai ma san akwai ƙofa a wurin ba.

Ya ce za a goge sunaye.
Ta ce, ka goge sunan, ka bar mai kifi mai ciwon ƙoda?
Su nawa ne a layin?

Ta tura masa kuɗinsa.
Nawa rabon ma ya bi, ban ji daɗi ba,
sati biyu ba mu gaisa da kyau ba.

Daga baya na ji ta bi layin gida gida
da guntun fensir, tana ƙwanƙwasawa,
tana nuna musu inda ake sa kalmar sirri.
Ta rubuta wa Herminia tata a bayan kalanda,
ba ta tambaye ta komai game da ƙoda ba.
Har yau ba ta tambaya ba. Kifi dai take saye,
fiye da abin da mutum ɗaya zai ci.

Ban san ko yaron ya goge abin da ya tara ba.

Don haka ki ba ta littafin.
Za ta je bakin teku da asuba, ta nemi izinin masunta
kafin ta zana ko da ƙayar kifi ɗaya.
Ki biya ta rabi tun yanzu, kwanonta na yoyo.

Naki,
Evaristo, mai tawada a farce.